Ranar da Aka Tone Uwar Humra

Washegarin sunan 'yata aka wayi gari an tone uwar humrar Hajiya Yagana, rami a buɗe, babu kwalba babu dalilinta.

Ku yi haƙuri, ni in labari ya cika min baki ta tsakiya nake farawa. Sunana Sadiya, a Nasarawa muke haya nan Kaduna, layin da ke bayan masu walda. Haihuwata ta fari ke nan, mace, Ramla, kuma in kun ga gashin kanta za ku rantse gobe za a kai ta kitso. To ba shi na zo faɗa ba, ko da yake shi ma abin faɗa ne.

Gidan da muke ciki na Hajiya Yagana ne, 'yar Maiduguri, rikici ya koro ta nan tun ina ƙarama. Sana'arta humra da turaren wuta, kuma ita ba ta sa ruwan kemikal ɗin nan na kasuwa. Icen sandal, hawi, kajiji, kanumfari, da farce, wato ɓawon wani abin ruwa da ake soyawa a daka. Mu uku muke mata aiki. Anti Asabe ita ce babba, tun zuwan Hajiya garin nan suke tare, ɗakinta na jikin na Hajiya. Sai Dorcas, Maman Clinton, 'yar Zonkwa, ita ke daka da tankaɗe, ɗakinsu na kallon namu. Sai ni mai ɗurawa a kwalba.

Ita kuwa uwa, wata ƙatuwar baƙar kwalba ce naɗe da buhu, a binne take a bayan gida gindin katanga, saboda tana son sanyin ƙasa. Kakar Hajiya ce ta fara haɗa abin da ke ciki. Kowace shekara a buɗe, a ɗiba a zuba wa sabon haɗi, a ƙara mata sabo, a mayar. Ita ke sa in amarya ta shafa humrar Hajiya ko an wanke zanin ƙamshin na nan. In babu uwa, humrar Hajiya ta zama irin ta kowa.

Hajiya da kanta ta gani. Dama ta ce washegarin suna za a buɗe uwa a yi mata ƙari, ta ɗauki 'yar fartanyarta ta zagaya. Ba ta yi ihu ba. Shirun ne ya yi yawa har Anti Asabe ta bi ta, ta same ta zaune dirshan a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙafa a miƙe, tana kallon rami.

* * *

Kafin Inna, mahaifiyata da ta zo min zaman jego, ta sauke ruwan wankana gida ya cika. Kafin rana ta ɗaga kuma magana ta je bakin famfo ta dawo da suna a jikinta. Wai an ga Maman Clinton ta bar wurin suna tun ba a raba tuwo ba. Wai an ga ta zagaya baya. Wai ga jar laka a silifas ɗinta. Wai kuma dama tana kai ƙananan kwalabe coci tana sayar wa 'yan zumunta mata, to a ina take samu?

Ɗanjuma, ɗan Hajiya mai keke napep, shi ya tsaya a ƙofar gida yana cewa, "Na sha gaya wa Hajiya, mutanen nan ba a sakin jiki da su."

Duk wanda ya girma a garin nan ya san inda irin wannan maganar take kai mutane. Samari suka fara taruwa a rumfar mai shayi. Can ƙasan layi wajen shagon aski wasu samarin su ma suka taru, suna kallon na nan. Wilson, mijin Dorcas, a wani kamfani yake aiki a Kudenda, aka buga masa waya ya baro aiki da kayan aikin a jikinsa, ya zo ya tsaya a bakin ƙofarsu. Ni kuwa ina ɗaki nono ya ƙi zuwa saboda faɗuwar gaba. Dorcas ɗin nan ita ta riƙe min hannu a asibiti ranar haihuwa, har na cije ta.

Allah ya sa Kawu Isiyaku bai riga ya tafi ba. Yayan Inna ne, bikin suna ya kawo shi daga ƙauyenmu ta wajen Birnin Gwari. Aikinsa tun yana saurayi bin sawun shanun da aka kora. Ɗan ƙaramin tsoho ne, goro kullum a kumatu, in ya yi magana sai ka matso. Ya riga ya rataya jakarsa zai je tasha. Ya tsaya ya saurari hayaniyar, ya sauke jakar a bakin ɗakina.

"Hajiya," ya ce, "a hana kowa ƙara taka bayan gidan nan. An yi ruwa jiya da safe, ƙasa tana da abin faɗa."

* * *

Inna ta ce mai jego ba ta yawo. Na ce bayan gida ai ba yawo ba ne. Na saɓa Ramla a kafaɗa na bi shi, Inna tana ta mita a bayana.

Masu zuwa jaje sun riga sun tattake gefe ɗaya. Kawu ya bi ta jikin katanga a tsugune, yana tafiya kamar agwagwa, ni dai na danne dariya. Ya sa aka kawo silifas ɗin Dorcas, ya ɗora a kan wani sawu mai yankakkiyar dunduniya. Ya zauna cif. Matan da ke leƙe suka ce, "Ka ji ko." Ɗanjuma ya fita da sauri, na san rumfar mai shayi ya nufa.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kawu, ai ka ƙarasa ta."

"Matsar da ƙafarki, kin taka min abu." Sai da matan suka janye ya nuna min da tsinke. "Ga zuwanta, ga komawarta. Kin ga bambanci?"

"Ni ban ga komai ba."

"Nima haka. Wanda ya ɗauko kaya mai nauyi, dunduniyarsa nitsewa take. Wannan yadda ta zo haka ta koma. Kuma ba rami ta nufa ba." Ya nuna shuwakar da ke gefe, an tsinke mata kai.

Can wajen ƙofar baya ya ga sawun kambas babba, an tsaya an daɗe ana sauya ƙafa, da guntayen taba a cikin ciyawa. Ya tsince su ya zuba a aljihu. Sai kuma ya dawo bakin ramin yana duba ƙasa har na gaji da tsayuwa.

"Wani ya zo nan babu takalmi," ya ce. "Ga inda ya cire, ya ajiye su a jere, sannan ya matso. Wurin nan duk fasassun kwalabe ne. Ni dai ban taɓa ganin ɓarawon da ya tuɓe takalmi don ya taka kwalba ba."

Sawun ya tashi daga rami da nauyi, taku ƙanana, a hankali, kamar mai ɗauke da kwano cike da miya. Bai nufi ƙofar baya ba. Ya hau simintin tsakar gida ya ɓace.

"Namiji ko mace?"

"Je ki ba 'yar nan nono," in ji Kawu.

* * *

A bakin ƙofata ya shimfiɗa tabarma, don haka duk wanda ya kira ina jin komai ta bayan labule. Wallahi ban rasa ko kalma ba.

Dorcas ya fara kira. Idonta ya kumbura amma murya a tsaye.

"Baba, shuwaka na je tsinkowa. Mai jegon nan zan yi wa miya, an ce tana kawo nono. Tana nan a tukunya, ko ita ma sata ce?"

"Me ya fitar da ke tun ba a ci tuwo ba?"

"Clinton jikinsa ya yi zafi, na kai shi kemis. A je a tambayi mai kemis ɗin, shi ai nasu ne, za su yarda da shi."

"Kwalaben da kike kaiwa coci fa?"

"Na Hajiya ne. Ita ke ba ni da hannunta, ta ce a can ma akwai amare. Tana zaune ɗazu ana faɗa, ba ta ce uffan ba." Nan muryarta ta karye. "Baba, kafaɗata ta lalace a turmin gidan nan. Ko ina na shiga a Nasarawa sai a ce ga ta Hajiya nan, don ƙamshin da ke jikina. Yau kuma ni ce mutanen nan."

Kawu bai lallashe ta ba. Cewa ya yi a zubo masa miyar ya ɗanɗana.

Ɗanjuma ya shigo yana hura hanci. Kawu ya zube guntayen tabar a kan tabarma, ya kalli kambas ɗinsa.

"Zauna, direba."

Nan da nan hancin ya sauka. "Baba, don Allah a hankali, Hajiya na ciki."

"Kai ka ɗauka?"

"Ni? Me zan yi da ita? Warin abin ma ciwon kai yake sa ni. Taba kawai nake zagayawa in sha."

"Ka ga rami a buɗe?"

"Da azahar dai a rufe yake. Ban sake komawa ba."

Kawu ya juya goronsa. "Uwarka mai turare, kana shan taba a bayan tagarta, ba ta taɓa ji ba?"

"Da tana ji. Ko a titi na sha na yi brush sai ta ji, ta bi ni da muciya. Bana dai ta daina magana. Ina ga ta gaji ne."

"To. Kai kuma da ka ga silifas ka fita da gudu, me ka gaya wa abokanka?"

Ɗanjuma ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin keke.

Hajiya ba a kiranta, shi ya je. Na bi shi da hujjar kai mata jikarta, ta karɓi Ramla ta ɗora a cinya. Ta tsufa a rana ɗaya.

"Malam Isiyaku, ranar da muka baro gida na bar akwatin zannuwana, na bar tasoshina. Uwar nan na rungumo a cinya cikin motar kaya har garin nan. Ni ban ce wance ba ce."

"Ba ki ce ba ita ba ce kuma."

Ana cikin haka Ramla ta yi aikinta. Kun san na jarirai, amma na wannan yarinyar daban ne, har Kawu sai da ya kawar da kai, ni kunya kamar in nitse. Hajiya kuwa tana ta jijjiga ta tana ba da labarin kakarta. Sai da ɗumin ya ratsa zaninta ta duba ta ce, "Au, amarya ta yi mana turare." Muka yi 'yar dariya. Kawu bai yi ba.

Anti Asabe tana bakin rijiya tana wanke tukwanen suna, tukunya ɗaya take ta gurza tun safe.

"Jiya kina ina?" in ji Kawu.

"Wajen girki, Malam. Kowa ya gan ni."

"Har aka watse?"

"Ana shiga ana fita dai." Ta rage murya. "Maman Clinton ba ɓarauniya ba ce. Wannan na sani."

"Kin faɗa a waje?"

Ta ci gaba da gurza tukunya.

* * *

Bayan azahar abu ya ƙara lalacewa. Wilson ya kira a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, ya fara fitar da kaya, wai za su koma wajen ƙanensa a Sabo. Samarin rumfar shayi suka ce babu kayan da zai bar layin nan sai an kwance an duba. Na shagon aski suka matso suka ce a taɓa a gani. Masu shaguna suka fara jawo ƙofa. Clinton na zaune a kan katifa a bayan mota da zazzaɓinsa yana kallon mutane. Baban Ramla ya bugo daga kasuwa ya ce in kulle ɗaki. Na kulle, na buɗe taga.

Ta tagar na hango Kawu ya koma bakin ramin shi kaɗai. Ya kwanta rub da ciki ya zura kai. Ya daɗe. Sai ya ciro 'yar wuƙarsa ya fara tono a hankali a can ƙasan ramin, ya ɗauko wani ɗan abu fari, ya kai hanci, ya sa a aljihu. Da ya zo wucewa na ce, "Kawu, mene ne?"

"An shafe gindin ramin da tafin hannu, lumui, kamar ana lallaɓa tuwo. Mai gudu ba ya haka." Ya kakkaɓe rigarsa. "Buɗe ƙofar nan ki fito, ke ma ina da tambaya a kanki."

Ya fita waje da kansa, ɗan tsohon nan, ya tsaya tsakanin samarin ya ce a ba shi zuwa la'asar. Ban san me suka gani a fuskarsa ba, suka dai ja baya kaɗan. Ya ce wa Wilson ya shigo, ya sa Ɗanjuma ya sa sakata.

* * *

Muka zauna a tsakar gida. Hajiya a kujerarta, Anti Asabe a ƙasa kusa da ita, Ɗanjuma jikin ƙofa, Dorcas da Wilson a tsaye sun ƙi zama, ni da Inna a bakin ɗaki.

"Ni baƙo ne," in ji Kawu, "ban san turare ba, shanu na sani. Tambaya ɗaya zan yi, kowa ya ba ni amsa. In aka ce ka ɗauke uwa daga raminta ka kai ta wani wuri, me za ka yi wa ramin? Sadiya."

"Ni Kawu ko buɗe ta ban taɓa gani ba. Sai dai in gudu."

"Direba."

"Rami kuma? A bar shi mana."

"Maman Clinton."

"In cike shi da ƙasa, kar yara su faɗa."

"Malama Asabe."

Anti Asabe ta kalli yatsun ƙafarta. Hajiya ce ta amsa, da gajiya, kamar mai karanta abin da ta haddace.

"Su ba su sani ba, Malam, ban koya musu ba. Ba a barin gidan uwa babu kowa. In za a ɗaga ta sai an tuɓe takalmi, a tsiyayi kaɗan a 'yar kwalba, a naɗe da farin ƙyalle a binne a gurbinta. Iri muke ce masa. Kakata ta ce in aka bar ramin fayau ƙamshin ba ya komawa gidan. Ko ranar da muka gudu sai da na tsaya na..."

Ta katse maganar, don Kawu ya buɗe hannunsa. 'Yar kwalba kamar babban yatsa, naɗe da farin ƙyalle, duk jar ƙasa.

"Wa kika koya wa wannan a garin nan, Hajiya?"

Hajiya ta juya a hankali ta dubi wadda ke zaune a gefen ƙafarta.

Anti Asabe ta tashi ta shiga ɗakinta. Muna ji tana jan randa. Kun san yashin da ake jiƙawa a ɗora randa a kai don ruwa ya yi sanyi, to a cikinsa ta binne ta. Ta fito rungume da kwalbar, babu takalmi, taku ƙanana, ta ajiye a gaban Hajiya ta durƙusa. Ko ɗigo bai zube ba.

"Asabe," in ji Hajiya. "Ke?"

"Hajiya, man sandal ɗin da kika sayo bana na jabu ne. Warin kananzir yake. Sabon haɗin nan duk ya lalace, kuma shi za ki juye mata yau."

"Ƙarya kike. Ni na shinshina da kaina."

"Na gaya miki a ɗaki, kika ce yaushe na fi ki hanci. Na sake faɗa, kika ce in na gaji da zama da ke in faɗa. Hajiya, tun zazzaɓin bara ba kya jin komai. Farce ya ƙone a gabanki, ni nake zagayawa in sauke. Ni nake gyara haɗi in kin shiga salla. Na ce in ɓoye ta kwana biyu, in samu in zubar da wancan in haɗa wani, in mayar da ita ba wanda ya sani. Ban zaci da sassafe za ki je ba."

Hajiya ta miƙa hannu, Kawu ya ba ta 'yar kwalbar. Ta cire ƙyallen, ta buɗe. Ni da nake bakin ɗaki sai da ƙamshin ya doke ni, wani irin ƙamshi mai nauyi, mai sanyi, har Ramla ta yi atishawa. Hajiya ta kai hancinta ta ja, ta sake ja. Sai ta rufe ta riƙe a cinya, hawaye na bin fuskarta.

"Kamar ruwa," ta ce.

Na zaci shi ke nan. Ashe da sauran magana. Dorcas ce ta matso.

"Anti Asabe, tun safe kina ji ana kiran sunana."

"Ki yafe min, Maman Clinton. In na yi magana asirin Hajiya ne zai tonu. Wa zai sayi turare a hannun wadda ba ta jin ƙamshi?"

"Sai aka ga nawa sunan ya fi araha."

Wilson ya ce, "Mu tafi, direba na jira."

Hajiya ta share fuska da gefen mayafi. "Ɗanjuma, je ka gaya musu an ga kaya, kowa ya watse."

"A'a, Hajiya," in ji Dorcas. "In aka ce an ga kaya kawai, gobe a bakin famfo za a ce tsoro na ji na mayar. Har Clinton ya girma ana nuna shi. Ni ba zan ce ki faɗi abin da ba kya so ba. Amma in rabi za a faɗa, gara mu tafi."

Anti Asabe ta ce a ce ita ce ta sata, ta yarda, a kore ta. Hajiya ta ce, "Wa zai yarda? Kin sata kin kai ɗakin da ke jikin nawa?" Ta dubi Kawu kamar zai ba ta wata hanya. Kawu yana ɓare goro.

Sai Hajiya ta dafa gwiwa ta tashi, ta gyara mayafi, ta ce wa Ɗanjuma ya zare sakata. Ta kama hannun Dorcas. Dorcas ba ta ba ta ba, ba ta kuma ƙwace ba.

Inna ta riƙe min zani, amma na kai bakin zaure. Layin nan cike, har kan katanga. Hajiya ba ta da babbar murya, sai da aka yi ta cewa a yi shiru.

"Ba a yi sata a gidana ba," ta ce. "Yarinyar nan ba ta taɓa min komai ba, kuma na san haka tun safe na yi shiru. Asabe ce ta ɓoye kayan don kar in lalata su da hannuna. Hancina ya mutu tun bara. Duk wadda ta sayi humra a wurina bana, ba ni na haɗa ba, su suka haɗa. Wanda ɗana ya gaya wa wata magana, ya zo ya ji daga bakin uwarsa, ƙarya ce."

Wata mata a bayana, cikin masu sayen kayan amare, na ji ta ce wa ta kusa da ita, "Ashe shi ya sa." Hajiya ma ta ji. Ba ta juya ba.

Samarin suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, na sama suka yi sama, na ƙasa suka yi ƙasa. Mai shayi ya kunna rediyonsa. Ɗanjuma ya je gaban Wilson yana sosa ƙeya yana wata magana ƙasa-ƙasa. Wilson ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Kama min nan." Suka sauko da Clinton, suka sauko da katifa.

"Sauran fa, oga?" in ji direban motar.

Wilson ya dubi matarsa. Ta ce, "A sauke. Amma kar a kwance."

* * *

Kawu ya tafi washegari, ya ce garinmu hayaniya ta yi masa yawa, shanu sun fi mu sauƙi. An mayar da uwa raminta, an zubar da haɗin kananzir a kwata, layin ya yi kwana biyu yana wari. Masu sayen humra wasu sun daina zuwa, wasu suna zuwa su ce Asabe suke nema, a gaban Hajiya. Hajiya takan zauna a kujerarta ta ce a miƙo mata ta ga kalar.

Ramla kuwa jiya ta yi murmushi, na rantse da ni take, Inna ta ce iska ce. Maman Clinton ce ta fara gani, don ta shigo ta karɓe ta in samu in yi wanka. Tana gaida Hajiya. Anti Asabe ce har yau in sun haɗu a bakin rijiya kowacce sai ta kalli guganta.

Akwatunansu na nan jere a bakin ƙofa, ɗaure da igiyar da Wilson ya ɗaure su, tukwane ma a buhu suke, in za ta yi girki ta ciro ɗaya ta wanke ta mayar. Ban tambaye ta ba, ina tsoron amsar. Ni dai kullum da safe, kafin in duba ko Ramla ta jiƙe, sai na ɗaga labule na leƙa igiyar nan.